Hukuncin Majalisa Bayan An Tashi Wasa: Darasi Daga Asaba Da Houston

A ranar Lahadi, 12 ga watan Oktoba, 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu gida ne suka fara zura ƙwallo, suka riƙe wasan har lokaci ya cika, sai a cikin 'yan mintocin da alƙali ya ƙara baƙi suka rama. Ana busa usur ɗin tashi, waɗansu 'yan kallo suka tsallake shinge suka auka wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar da ke gudanar da gasar ƙwararru ta ƙasa ta ci tarar Pillars naira miliyan 9 da rabi, ta zabge mata maki 3 da ƙwallaye 3, sa'an nan ta rufe filin, ta umurce ta da ta koma Katsina da wasanninta na gida.

Wannan hukunci bai tsaya a kan 'yan tsirarun da suka tsallake shinge ba. Pillars mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce, watau da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita, kuma manomin Garo a Ƙaramar Hukumar Kabo, da malamin makaranta a Gwarzo, suna da haƙƙi a cikin wannan dukiya daidai da mazaunin birni. Saurayin da ya saba hawa mota ya biyo hanyar Gwarzo zuwa Kano don ya ga wasa, shi ma an ɗauke masa filin. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi ita ce, mene ne ke faruwa a zukatan 'yan kallo daga lokacin da ƙwallo ta shiga raga zuwa lokacin da aka yanke wa wani hukuncin cewa shi ne mai laifi, kuma da wane ma'auni ake yanke wannan hukunci?

MAJALISAR BAYAN WASA

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Kano ya san cewa tashi daga wasa ba shi ne ƙarshen wasa ba. Da zarar an kashe janareta a gidan kallo, ko mai sharhi ya yi sallama a rediyo, sai a buɗe wani sabon zama a teburin mai shayi, ko a tashar mota, ko a gindin darbejiya. A nan ne ake sake buga wasan da baki tun daga farko, kowa da nasa tsarin, kowa da ɗan wasan da ya kamata a ce an cire. Ɗalibi yakan ja da ma'aikacin sakatariya, tela yakan gyara wa direba suna ko minti, kuma ba safai ake tambayar mutum shekarunsa ko muƙaminsa kafin a saurare shi ba.

Idan an ci nasara, zaman ba ya daɗewa. Idan kuwa an sha kashi, galibi mutum huɗu ne ke zuwa gaban shari'a. Na farko mai tsaron gida, domin shi ne aka gani yana ɗauko ƙwallo daga raga. Na biyu mai horar da 'yan wasa, saboda canjin da ya yi ko wanda ya ƙi yi. Na uku alƙalin wasa. Na huɗu kuwa ba shi da suna, shi ne wanda ake nufi in an ce “an sayar da wasan.” Ba a gabatar da shaida a kan wannan na huɗun, amma zarginsa ya fi kowanne saurin yaɗuwa, musamman yanzu da abin da aka faɗa a majalisa kan isa Facebook kafin a wanke kofunan shayi.

Ba shakka wannan majalisa tana da amfani. Ita ce ke riƙe da sha'awar wasan, kuma a cikinta akwai masu idon da ya fi na waɗansu masu sharhi kaifi. Illarta ita ce ba ta da abin dogaro sai tunawa, ita kuwa tunawa takan riƙe abin da ya faru daga ƙarshe da abin da ya fi ciwo, ta watsar da sauran minti tamanin. Ɗan bayan da ya tare hari goma ya kuskure ɗaya, da wannan ɗayan za a san shi.

DAREN ASABA

Babu wasan da ya fi nuna wannan hali kamar wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda a lokacin ake kira Kofin Aiteo, da aka yi ranar Laraba, 24 ga Oktoba, 2018, a filin Stephen Keshi na Asaba, tsakanin Pillars da Rangers ta Inugu. Kyaftin Rabi'u Ali ne ya buɗe raga tun wasa bai yi nisa ba, Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu, aka tafi hutu. Ana dawowa Nyima Nwagua ya zura ta uku. Har aka wuce minti 75 Pillars tana da 3, Rangers tana nema. Daga nan Kevin Itoya ya rama ɗaya, Chidera Ezeh ya rama ta biyu, Ajani Ibrahim ya cike ta uku a daidai tashi. A bugun daga kai sai mai tsaron gida Rangers ta ci 4 da 2, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983.

Wanda ke son ya gane abin da ya faru a wannan dare yana bukatar amsar tambayoyi da yawa. Sau nawa Pillars ta rasa ƙwallo a tsakiyar fili bayan minti 60, in aka kwatanta da kafin hutu? Daga wane ɓangare hare-haren Rangers suka riƙa shigowa? 'Yan wasan da suka shigo daga baya sun ƙara ƙarfi ne ko sun rage? Kocin Rangers, Gbenga Ogunbote, ya cire mai tsaron gidansa Femi Thomas ya sa Nana Bonsu ana cikin wasa. Shin wannan canji ya taɓa zukatan 'yan wasansa, ko kuwa sakacin masu rinjaye ne ya buɗe ƙofa? Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa, in akwai wanda ya zauna da hoton wasan da takarda da alƙalami. In babu shi, abin da ke saura sai zato, kowa ya riƙe nasa.

Wata tara bayan haka, ranar 28 ga Yuli, 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, Pillars ta ɗauki wannan kofi bayan ta doke Niger Tornadoes da ci 4 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kocin da ya jagorance ta a Kaduna, Ibrahim Musa, shi ne dai wanda ya jagorance ta a Asaba. Da hukumar ƙungiyar ta bi zafin zuciyar daren Asaba ta sallame shi, da ba wanda zai taɓa sanin abin da aka yi asara.

YADDA AMURKAWA KE TANKAƊE WASA

A can Amurka akwai wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa, ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, sanye da hulunan kwano da sulke a kafaɗa, filin kuma yadi 100 ne tsakanin gida da gida. Ana raba wasan kashi huɗu, kowanne minti 15. Masu riƙe da ƙwallo suna da damar yunƙuri huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta gidan abokan gaba ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya sami maki 3. A kowane yunƙuri akwai mai karɓar ƙwallo ya jefa ta ko ya miƙa ta, shi ne tamkar madugun ayari. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, wasan ƙarshe kuwa shi ne Super Bowl.

Wasan ba baƙo ba ne ga 'yan Nijeriya gaba ɗaya. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992, kuma a 1989 ya fi kowa a gasar gudu da ƙwallo, da yadi 1,480. Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, a 2008 da 2012.

Amurkawa ma suna da nasu daren Asaba. Ranar 5 ga Fabrairu, 2017, a birnin Houston, Atlanta Falcons ta kara da New England Patriots a Super Bowl na 51. A tsakiyar kashi na uku Atlanta tana da maki 28, New England tana da 3. Daga nan Atlanta ba ta sake samun ko maki ɗaya ba. New England ta tara 25 a jere, ta yi kunnen doki saura daƙiƙa 57, aka shiga ƙarin lokaci, karo na farko ke nan a tarihin Super Bowl, ta gama da 34 da 28. Magoya bayan Atlanta sun kwana da baƙin ciki irin na Kanawa, kuma su ma nan take suka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Sunan madugunsu Matt Ryan na cikin waɗanda aka fara kira.

Bambancin shi ne, kafin gari ya waye lissafin wasan yana gaban kowa. Ryan ya yi jifa 23, guda 17 sun isa hannu, ya ci yadi 284, bai kuma jefa ko ɗaya a hannun abokan gaba ba. Wannan aikin a yaba ne. Amma lissafin ya nuna wani abu dabam. New England ta yi yunƙuri 93, Atlanta 46 kacal. New England ta riƙe ƙwallo sama da minti 40, Atlanta minti 23 da 'yan daƙiƙoƙi. Ma'anar wannan ita ce masu tsaron Atlanta sun daɗe a fili suna fafatawa ba hutu, har ƙafafunsu suka mutu, shi ya sa madugun New England, Tom Brady, ya sami sararin da ya tara yadi 466.

Yunƙuri biyu ne aka fi tsefewa. A na farko, cikin kashi na huɗu, Dont'a Hightower ya banke Ryan, ƙwallo ta suɓuce, New England ta tsince ta. Idon ɗan kallo madugu ya gani ya saki ƙwallo, amma da aka maimaita hoton sai aka ga Devonta Freeman, wanda aikinsa ne ya tare mai shigowa, ya bar shi ya wuce. A na biyu, saura ƙasa da minti biyar, Atlanta tana gaba da maki 8, Julio Jones ya cafke ƙwallo yadi 22 daga gidan New England. Daga nan bugun maki 3 abu ne mai yiwuwa ƙwarai, kuma gudu da ƙwallo yana cin lokaci, alhali jifan da ya faɗi ƙasa yana tsayar da agogo. Mai tsara hare-haren Atlanta, Kyle Shanahan, ya zaɓi jifa. Aka kayar da Ryan yadi 12 a baya, laifin riƙo ya biyo, suka fita daga inda bugun zai kai. Nan da nan muhawara ta tashi daga zagin mutum ɗaya ta koma kan shawarar da aka yanke da dalilinta.

Wannan bai faru don Amurkawa sun fi kowa haƙuri ba. Tsari ne ya tanadar musu abin tattaunawa. Dokar gasar ta wajabta wa koci da 'yan wasa su tsaya gaban 'yan jarida jim kaɗan bayan tashi. In an yi hukunci mai rikici, ana tura ɗan jarida guda a madadin sauran ya tambayi alƙalai, a buga amsar. Tun 2012 ake sayar wa jama'a hoton da aka ɗauka daga sama, mai nuna dukan 'yan wasa 22 lokaci guda. Akwai 'yar na'ura a cikin sulken kafaɗar kowane ɗan wasa mai auna gudunsa da inda ya tsaya. Daɗin daɗawa, wani kamfani mai suna Pro Football Focus, wanda wani Baturen Ingila, Neil Hornsby, ya kafa, yana ba kowane ɗan wasa maki a kan kowane yunƙuri, ya tattara ya fitar da sakamako daga sifili zuwa 100.

LISSAFI MA YANA DA IYAKA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa lissafi maganin fushi ne. Ranar 16 ga Disamba, 2001, a Cleveland, da alƙalai suka soke wani hukunci ana dab da tashi, 'yan kallo sun yi ta ruwan kwalabe a fili har sai da aka tsayar da wasa. Amma a ƙasar ne kuma, a Janairun 1991, Scott Norwood na Buffalo Bills ya ɓarar da bugun yadi 47 saura daƙiƙa 8, ƙungiyarsa ta rasa Super Bowl da ci 20 da 19, da suka koma gida dubban mutanen Buffalo suka taru a dandalin gari suna kiran sunansa don su ƙarfafa masa zuciya. Halin jama'a da tarbiyyarsu suna da nasu rabo, wanda babu na'urar da za ta maye gurbinsa.

Bugu da ƙari, 'yan wasan Amurka da dama suna ƙorafi a kan makin da ake ba su, suna cewa mai ba da makin bai san umurnin da koci ya bayar ba, don haka yana iya ɗora wa wani kuskuren wani. Ƙwallon ƙafa irin ta Kano kuwa ta fi wuyar aunawa, domin gudana take yi kamar ruwa, ba ta tsayawa bayan kowane yunƙuri. Wani hafsan sojan sama na Ingila, Charles Reep, ya fara rubuta duk abin da ya faru a fili da fensir da littafi tun 1950. Ya gano cewa yawancin ƙwallaye suna shiga ne bayan miƙa uku ko ƙasa da haka, ya yanke cewa dogon bugu ya fi. Masana na baya suka nuna masa inda ya yi tuntuɓe: ai yawancin hare-hare ma gajeru ne, dole yawancin ƙwallaye su fito daga cikinsu. Reep ya tabbatar da cewa fensir ya isa a fara aiki, ya kuma nuna cewa ƙirga ba tare da tunani ba tana ɓatar da mai ita.

Wani lokaci kuma lissafi yakan goyi bayan majalisa. Shanahan ya zama babban kocin San Francisco 49ers, ya kai ta Super Bowl a 2020 da 2024, kuma a duka biyun ƙungiyarsa ta yi gaba da maki 10 kafin Kansas City ta juya wasan. Masu cewa yana da rauni wajen riƙe rinjaye sun sami abin nunawa, masu kare shi kuma suna nuna cewa kai wa wasan ƙarshe sau biyu ba aikin rago ba ne. Ko wanne ɓangare mutum ya bi, da hujja a hannu ake gardamar.

ABIN DA FUSHI YA JAWO WA KANO

Kano tana da tarihin da ya isa a yi tinƙaho da shi. 'Yan wasanta sun ɗauki kofin ƙasa tun 1953. Raccah Rovers ta zama zakarar gasar ƙasa a 1978. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar a 2008, sa'an nan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A rigarta ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai. Kirarin “Sai Masu Gida” ba a banza aka same shi ba, kuma 'yan kallon da ke cika filin suna da kaso mai tsoka a cikinsa.

To, amma su ɗin ne kuma suka sha jawo wa ƙungiyar hasara. A Yunin 2019, a filin Agege na Legas, an ba Rangers bugun daga kai sai mai tsaron gida ana dab da tashi, aka tashi 1 da 1, magoya baya suka kutsa fili, aka ci tarar ƙungiyar, aka yanke wa Rabi'u Ali dakatarwar wasa 12. A Afrilun 2022, a wasa da Katsina United a Kano, an farfasa motar baƙi, aka ci tarar naira miliyan 9, aka rage maki, aka kori Pillars daga gida. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo. Abin da ya faru a Oktoban 2025 maimaici ne na karatun da aka riga aka biya kuɗinsa da tsada.

Akwai wani abin lura. A Asaba a 2018, da Agege a 2019, da Ƙofar Mata a 2025, Pillars ce ke gaba, kuma a mintocin ƙarshe rinjayen ya kuɓuce. Wasa uku cikin shekara bakwai, da 'yan wasa dabam-dabam, ba su isa a kafa hujja ba. Amma sun isa a yi tambaya. Shin ƙwallaye nawa ake zura wa ƙungiyar bayan minti 75 a kowace kaka? In sun yi yawa, to, sai a duba ƙarfin jiki, da abinci, da gajiyar doguwar tafiya a mota a gasar da ke da ƙungiyoyi 20 da wasa 38, da kuma dabarar ja da baya in an yi gaba. Waɗannan duka abubuwa ne masu gyaruwa a filin atisaye. Dukan alƙali ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Gaskiya ne cewa ƙorafin da ake yi a kan alƙalanci a gasar Nijeriya ba ƙage ba ne, domin hukumomin wasan da kansu sun sha dakatar da alƙalai saboda rashin iya aiki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai ɗan kallon da ya ga an yi hukunci, bai ga maimaicin hoton ba, bai ji bayanin kowa ba, bai kuma san ko za a bincika ba, shi ne ya fi saurin yarda cewa cuta ce aka shirya. Shirun hukuma yana daga cikin abubuwan da ke rura wutar.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wajibi ne hukumar gasa ta tabbatar an ɗauki hoton kowane wasa daga farko har ƙarshe, ta kuma riƙa fitar da bayani a kan hukuncin da ya jawo gardama cikin kwana biyu, ko alƙali ya yi daidai ko ya yi kuskure. Ita ma hukumar Pillars, tun da dukiyar jama'a take riƙe da ita, ya kamata bayan kowane wasa ta fitar da taƙaitaccen rahoto cikin Hausa: hari nawa aka kai, nawa suka nufi raga, a wane minti aka yi canji kuma don me. Koci ya zauna ya amsa tambayoyi ko an ci ko an sha kashi. Duk wannan ba zai hana a kama wanda ya ɗaga hannu a kan alƙali a gurfanar da shi gaban kotu da sunansa ba, domin tarar da ke faɗawa kan ƙungiya ba ta taɓa aljihun wanda ya yi ɓarnar.

Gidajen rediyo da talabijin na jihar su ma suna da nauyi a wuyansu, domin abin da mai gabatar da shirin wasanni ya faɗa da safe shi ake maimaitawa a Kabo da Gwarzo da yamma. Idan mai kiran waya ya ce an sayar da wasa, haƙƙin mai shirin ne ya tambaye shi wa ya saya, wa ya sayar, ina shaida. Idan ya ce ɗan wasa kaza bai yi kome ba, a tambaye shi a wane minti.

Amma aikin da ya fi dorewa a makaranta zai fara. Malamin wasanni a kowace sakandare ta Garo ko Gwarzo yana iya zaɓen ɗalibai huɗu a ranar wasan aji da aji, ya ba kowannensu littafin rubutu. Ɗaya ya ƙirga miƙa ƙwallo da ta isa da wadda ta ɓace, ɗaya ya rubuta bugun da aka kai raga da wurin da aka buga, ɗaya ya bi 'yan baya, ɗaya ya riƙe agogo. Kashegari malamin lissafi ya karɓi alƙaluman ya koyar da kaso cikin ɗari da su, malamin Hausa ya sa a rubuta rahoton wasan. Jami'an wasanni na ƙananan hukumomi kuma su adana irin wannan rajista a gasannin unguwanni da ƙauyuka. Yaron ƙauye mai hazaƙa yana yawan ɓacewa ne saboda ba shi da abin nunawa sai yabon abokai, alhali takardar da ta ce ya buga wasa kaza ya ci ƙwallo kaza tana iya isa teburin mai neman 'yan wasa a birni.

Ba wanda ke neman a rufe majalisar mai shayi, ko a hana mai goyon baya jin zafin rashin nasara. Abin nema shi ne a sa mata hujja a kan tebur, yadda wanda ya fi lura zai rinjayi wanda ya fi ɗaga murya. Ɗalibin da ya saba tambayar sau nawa, da yaushe, da wa ya gani, kafin ya yanke wa mai tsaron gida hukunci, zai ɗauki wannan ɗabi'a zuwa ofis ranar da fayil ɗin wani bawan Allah ya zo gabansa. Jihar da ke kashe kuɗi a kan ƙwallo tana da damar ta ci wannan riba, ko da a shekarar da kofi bai zo gida ba.